Ba suna, ba hoto: shin duk da haka ɗaliba ta tona asirin mara lafiya?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure, malamanmu da 'yan uwa ɗalibai. Akwai maganar da ta raba kan ajinmu gida biyu, ina so waɗanda suka riga mu shiga aikin su warware mana ita. Mu 'yan digiri na biyu ne a ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren asibiti, yanzu haka muna zangon koyon aiki. Wata 'yar ajinmu tana da shafi a Facebook inda take wayar da kan mata game da lafiyar ƙwaƙwalwa da Hausa. Shafin yana da amfani ƙwarai, mata da yawa a nan suka fara jin cewa damuwar da ke kama mai jego ciwo ne da ake magani. Kwanan baya ta rubuta labarin wata da ta gani a kilinik. Ba ta sa suna ba, ba hoto, ba ta faɗi asibitin ba. Amma ta faɗi shekarun matar, da matsayinta a gidan miji, da sana'ar mijin, da abin da ta haifa. Malamin da ke duba aikinmu ya gani, ya sa ta goge nan take, ya ce in ta kuma zai hana ta ganin marasa lafiya. Wasu suna cewa tsananin ya yi yawa tunda ba suna. To ina iyakar take? Ɗalibi ba shi da damar ba da misali ke nan?

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ni kam ina tare da ɗalibar. Ku leƙa TikTok ku ga su wa ke yi wa mutanenmu bayanin ciwon ƙwaƙwalwa: masu tallar hayaƙi da turaren korar iska, kowanne da labarin wadda ya warkar, har da bidiyonta tana birgima a ƙasa. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa. In mu da muka yi karatun muka kama bakinmu, mun bar musu filin. Kuma mutanenmu sai da labari suke tsayawa. Ka jera alamomin ciwon damuwa guda tara, kaɗan ne za su kai ƙarshe. Ka ce "wata mata ta zo min", kowa zai karanta.

Malama Talatu:
Abban Sadik, ba wanda ya ce a yi shiru. Ni ma ina rubutu, ana kuma gayyata ta rediyo. Amma malamin nan ya yi daidai, kuma bari in faɗi dalili a tsanake, don a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Kundin ƙa'idojin aiki na APA, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda da shi aka koyar da da yawanmu, ya yi magana kan ainihin wannan a sashe na 4.07. Ba a fitar da bayanin da zai sa a gane mara lafiya, a rubutu ko a lacca ko a wata kafa ta jama'a, sai in an ɓadda kamanninsa yadda ya kamata, ko ya amince a rubuce, ko doka ta ba da dama. Ɗalibi sai ya ɗauka ɓadda kama cire suna ne. A garuruwanmu kuwa ba sai da suna ake gane mutum ba. Bari in ƙirƙiro misali: mace 'yar shekara 24, ta uku a gidan miji, mijin yana sayar da taya, ta haifi tagwaye cikin azumi. Ni da nake wani gari ba zan gane ta ba. Kishiyarta za ta gane ta kafin ta kai layi na uku. Uwar mijinta ma haka, da mai yi mata wankan jego, da duk wadda ta je suna.

Ku tuna yadda matan nan suke zuwar mana. Ta wuce asibitin unguwarsu, ta shiga mota biyu don kada idon sani ya gan ta. Tana kan bencin jira ta ja hijabi har kan hanci, katinta a dunƙule cikin tafin hannu don kada a ga tambarin sashen. A gida cewa ta yi rigakafi za ta kai yaro. Duk wahalar nan saboda kada a ce "ai tana da taɓi". In maganar ta fita ba ita kaɗai za ta shafa ba. Ranar da aka zo binciken auren ƙanwarta, wani zai ce gidan akwai hauka, shi ke nan an fasa.

Akwai kuma mai karatu guda da ba a saka wa a lissafi, ita matar kanta. Shafi ne na Hausa, na masu jego, wato irinta ake rubuta wa. Za ta ga abin da ta faɗa tana kuka a ɗaki rufe ya fito fili, a ƙasansa mutane suna ta sharhi: wannan ta ce raki ne, wancan ya ce rashin godiyar Allah ne, wata ta ce a kai ta a yi mata ruƙiyya. Ko ba wanda ya gane ta, ta gane kanta. Da wuya ta dawo kilinik, in ta dawo ma rabin magana za ta riƙa faɗa, kuma aikinmu ba ya yiwuwa da rabin magana.

Abban Sadik:
To in ta nemi izininta fa, Malama? Ke kika ce amincewa a rubuce tana cikin hanyoyin.

Malama Talatu:
Tana ciki. Sai dai ka dubi wa ke tambayar wa. Matar nan "likita" take kiran ɗalibar, ba ta san bambancin ɗalibi da ƙwararre ba. Wadda take ganin lafiyarta tana hannunta ta ce mata "zan iya sa labarinki don wasu su amfana?" Yaya za ta ce a'a? Kunya kaɗai ta isa ta sa ta ce to. Sannan wadda ke cikin ciwo yau ba lallai ta hango abin da rubutun zai jawo mata nan da shekara biyar ba, alhali wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye, gogewa ba ta kai can. Shi ya sa kundin ya hana ma a nemi mara lafiyar da ake kan dubawa ya fito ya yabi aikin mai duba shi, a sashe na 5.05. Dalilin ɗaya ne. Ni ba na yarda ɗalibina ya nemi irin wannan izini muddin yana kan ganin mutum.

Abu Ammar:
Ko a addini haka abin yake. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, to amana ce. Wadda ta jira aka rufe ƙofa kafin ta buɗe baki ai ta wuce mai waiwaye.

Yaya Ladi:
Ina gaishe ku daga Jos. Ƙanwata Ummu Hanan, ki gaya wa ƙawarki kada ta rufe shafin, ana buƙatarsa. Labarin da Abban Sadik yake so ana iya samunsa ba tare da an taɓa kowa ba. Ni yadda nake yi, na kan ɗauki abin da na sha gani wurin mutane da yawa in gina mace guda da ba ta wanzu ba, in kuma rubuta a sama cewa misali ne ba labarin wata ba. Ba na rubutu kan abin da na gani a makon nan ko watan nan, don lokacin kansa alama ne: wadda ta zo ranar Talata ta ga rubutu ranar Laraba ta san ita ce, ko an canza komai. Kuma tunda ɗaliba ce, ta nuna wa malaminta kafin ta saki. Sannan ta duba abin da ta rubuta a bayanin kanta a saman shafin. Na ga ɗalibai da yawa suna sa "Dakta" ko "ƙwararriyar masaniyar halayya" tun ba su kare kundin bincikensu ba. Ta rubuta gaskiya, ɗaliba ce mai koyon aiki. Mutane za su ci gaba da karantawa.

Ɗan Barnawa:
Malamai, ni tawa matsalar lambar waya ce. Kusan duk wanda na gani sai ya ce "likita ba ni lambarka". In na hana sai in ga kamar na wulaƙanta shi. In na bayar, gobe yana kallon sitatus ɗina na WhatsApp, hoton 'ya'yana, ra'ayina kan siyasa, komai. Wani ma har neman abota ya turo min a Facebook.

Dakta Bala:
Ɗan Barnawa, ka sayi layi na biyu, ka sa shi a wata waya ko mai araha ce, ba sitatus, ba hoton iyali, ba Facebook a kanta. In sashenku yana da layin kilinik, shi ya fi. Kuma ka faɗa wa mara lafiya tun zaman farko abin da layin yake yi: canza ranar zuwa da sanar da uzuri, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. In ba ka faɗa ba, ranar da ya turo saƙo tsakar dare ya ga alamar ka karanta ba ka amsa ba, wani ciwon ne ka ƙara masa.

Akwai abin da ya fi kallon sitatus haɗari. A 2016 wata 'yar jarida a Amurka ta ba da rahoton wata likitar ƙwaƙwalwa da Facebook ya riƙa nuna wa marasa lafiyarta junansu a jerin mutanen da wataƙila ka sani. Ɗaya ta gane fuskar wani mara lafiyar da ta taɓa gani a ginin ofishin likitar, ga cikakken sunansa a gabanta. Ba likitar ce ta fitar da bayanansu ba, abin da aka fi zato shi ne duk suna da lambarta a wayoyinsu. Manhajojin nan suna neman izinin shiga jerin lambobinka, mu kuma muna danna amincewa ba tare da dubawa ba.

Neman abota kuwa kada ka karɓa, kada kuma ka bar shi a rataye. Ka ɗauko maganar a zama na gaba: na ga saƙonka, ba na karɓar abotar duk wanda nake dubawa, don in na karɓa 'yan uwana da abokaina za su gan ka su fara tambayar inda muka san juna. In ka nuna masa sirrinsa kake karewa, ba zai ji haushi ba. Haka nake gaya musu game da haɗuwa a waje: in mun haɗu a kasuwa ko wurin biki ba zan fara gaishe ka ba, sai in kai ka fara.

Malama Talatu:
Dakta, a nan ƙarshen na saɓa maka kaɗan. Wannan ta rashin fara gaisuwa daga ƙasashen da mutum zai wuce maƙwabcinsa bai ce uffan ba aka ɗauko ta. A wurinmu, in na shiga gidan suna na gaida kowa na tsallake mace guda, na nuna ta da yatsa ke nan. Abin da nake yi, ina tambayarta tun farko: in mun haɗu ya kike so in yi? Yawanci cewa suke a gaisa kamar kowa a wuce. Sashe na 3.05 ma bai ce duk wata alaƙa ta biyu laifi ba ce. Wadda aka hana ita ce wadda za ta iya gurɓata hukuncinka, ko ta cutar da mutum, ko ta ba ka damar cin amfaninsa. Wanda ke aiki a garin da aka haife shi ba zai kauce wa haɗuwa a masallaci ko coci ko jana'iza ba. Amma abota a Facebook zaɓi ce, ana iya kauce mata, shi ya sa a kanta nake tare da kai.

Dakta Bala:
Na karɓa, Malama. Tambayar mara lafiyar ta fi.

Bari in ƙara wani abu da nake ganin ya fi rubutun yarinyar nan yawa, kuma ba wanda ake tsawatar wa a kansa: zauren WhatsApp na aji. Ɗalibi ya rasa yadda zai fassara sakamakon gwaji, sai ya ɗauki hoton shafin fayil, suna da lambar kati da unguwa duk a jiki, ya tura wa 'yan ajinsu yana neman taimako. Hoton ya sauka a wayar kowa, ya shiga cikin hotunan biki, wataƙila ya hau Google Drive, da yamma yaro ya karɓi wayar yana wasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a riƙe masa sirri. Wurin tattauna mara lafiya shi ne zaman bita da malami, a ɗaki, fayil a kan tebur.

Ummu Hanan:
Dakta, to sharhi kan mutanen da suka yi fice fa? Duk lokacin da wani ɗan fim ko 'yar TikTok ta yi abin da ya tayar da ƙura, sai a riƙa kiran sunanmu a ƙasan bidiyon, wai mu da muka karanta mu faɗi abin da ke damunta. Ita ai ba mara lafiyarmu ba ce.

Dakta Bala:
Shi ya sa ma ba za ki faɗa ba, ba ki duba ta ba. Wannan tsohuwar magana ce. A 1964 mujallar Fact ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa sama da 12,000 ko Barry Goldwater, ɗan takarar shugabancin Amurka, yana da lafiyar hankalin da zai yi mulki. Mutum 1,189 suka ce bai cancanta ba, alhali ba su duba shi ba. Ya kai mujallar kotu ya yi nasara, a 1973 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta hana membobinta laƙaba wa fitaccen mutum ciwo ba tare da sun duba shi da izininsa ba. Wannan tasu ce ta likitoci, amma namu kundin a sashe na 9.01 ya ce ba a faɗin ra'ayi kan halin ƙwaƙwalwar mutum sai an yi masa binciken da ya isa. Bidiyon daƙiƙa talatin ba bincike ba ne. Kuma ki lura, masu kiran naki yawanci sunan ciwo suke so su samu su yi zagi da shi. Duk mai ɗauke da wannan ciwon da ke karantawa ya ji yadda ake kallonsa.

Abban Sadik:
Na gamsu kan labarin matar. Amma akwai inda ban sauka ba. Ummu Hanan, kafin a tura ku asibiti, an taɓa zaunar da ku aka faɗa muku duk abin da malaman nan suka faɗa yanzu? Akwai takarda da kuka sa wa hannu?

Ummu Hanan:
An yi mana darasin riƙe sirri a zangon farko, amma ba a taɓo waya ko kafafen sada zumunta ba. Ba takarda.

Abban Sadik:
To kun gani. Yarinya ta yi abu da kyakkyawar niyya, a wurin da ba a shata mata layi ba, sai barazanar dakatarwa. Sannan malamin ta yaya ya gani? Yana bibiyar shafukan ɗalibansa ne? In haka ne, gobe ra'ayina na siyasa ko hoton da na ɗauka wurin shaƙatawa zai shiga makin da zai ba ni?

Malama Talatu:
Wannan kam gaskiyarka ce, kuma mu malamai ta shafa. APA ta fitar da jagora na musamman kan kafafen sada zumunta a 2021. Kowane sashe da ke tura ɗalibai asibiti ya kamata ya rubuta nasa, ko shafi biyu ne, a karanta shi tare a makon farko kafin ɗalibi ya ga mara lafiya ko ɗaya, da misalan WhatsApp da zauren aji da gidan suna, kowa ya sa hannu. A ciki kuma a rubuta iyakar malami. Shafin da ɗaliba ta buɗe wa jama'a tana magana da sunan fannin nan, malaminta yana da hurumi a kansa, don alhakin marasa lafiyar da take gani a wuyansa yake. Shafinta na kanta, da siyasarta da hotunanta, ba ruwansa muddin ba mara lafiya a ciki, kuma ni ba na karɓar abotar ɗalibina sai ya gama. Sa ta goge rubutun dole ne a ranar. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna da ita ya koya mata yadda za ta ci gaba da rubutun, ya kuma duba tare da ita ko matar ta gani, don in ta gani sai an yi maganar da ita a zama na gaba an ba ta haƙuri.

Ummu Hanan:
Allah ya saka da alheri, Malama. Saura guda. Mai shafin ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali saƙonnin da ake turo mata a ɓoye ne. Wata cikin dare za ta rubuto ta gaji da duniya, gara ta huta. Ba ta san ta ba, ba ta san garinsu ba. Me za ta yi?

Dakta Bala:
Kada ta share saƙon, kada kuma ta mayar da kanta likitar matar ta waya. Ta amsa a gajarce, ta tambaye ta kai tsaye: kina tunanin kashe kanki ne? Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ta tambayi garin da take, ko ta sha wani abu, wa ke kusa da ita da za ta iya tasa yanzu. Burin daren shi ne a samu wani ya zauna da ita, a kawar da magani ko fiya-fiya ko duk abin da ta tanada, a kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Daga baya a haɗa ta da masu aikin, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Ta kira malaminta a lokacin, ko ƙarfe nawa ne, da safe ta rubuta abin da ya faru da abin da ta yi. Kada hoton saƙon ya je zauren aji ko wani wuri. Dokar Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na arewa, a sashe na 231, ta sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, don haka fitar irin wannan saƙo yana iya jawo wa matar abin da ya wuce surutun mutane.

Ta kuma liƙa sanarwa a saman shafin cewa ba a duba mara lafiya ta saƙo, tare da inda za a je in abin na gaggawa ne. Sannan ta tambayi malaminta gobe ko ya yarda ta kira shi cikin dare kan irin wannan. In bai yarda ba kuma ba wani ƙwararre da zai tsaya mata, ta shiga saitin shafin ta kashe wurin turo saƙo har sai ta samu.